Yadda Malamin Firamare Zai Gane Nau'o'in Nakasa a Ajinsa, Ya Kuma Gyara Aji Daidai da Buƙatar Kowane Ɗalibi

Da wuya a sami ajin firamare a ƙasar Hausa da babu yaro ɗaya ko biyu da aka riga aka yanke wa hukuncin cewa daƙiƙi ne, ko malalaci, ko mai kunnen ƙashi, alhali abin da ke damunsa daban ne. Wani allon ne ba ya gani daga inda aka zaunar da shi, wani rabin maganar malami ce kawai take isa kunnensa, wani kuwa haruffa ne suke cakuɗe masa a takarda, ko da ya fi kowa fahimtar darasin idan da baki aka tambaye shi. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke rayuwa da wata nakasa a duniya, wato kimanin ɗaya cikin goma, saboda haka malamin da ke da ɗalibai 60 a gabansa ya sa a ransa cewa suna nan a cikinsu, ko ya gane su ko bai gane su ba.

A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su 'yancin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara. Makarantu na musamman irin su makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1953, da ta Tudun Maliki a Kano, suna aiki babba, sai dai gurabensu ba su kai yawan masu buƙata ba, kuma ba kowace uwa ce za ta iya rabuwa da ɗanta mai shekara 7 ya tafi kwana a wani gari ba. Mafi yawan waɗannan yara, in har za su yi karatu, a makarantar unguwarsu za su yi shi, a hannun malamin da bai taɓa samun horo na musamman ba. Domin wannan malami aka tsara matakan da ke biye.

Mataki na farko: malami ya san iyakar aikinsa

Malami ba likita ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya ce wa iyaye ɗansu yana da cuta kaza. Aikinsa shi ne ya lura, ya rubuta abin da ya gani, ya shawarci iyaye su kai yaro inda za a duba shi, sannan ya gyara ajinsa tun kafin sakamakon asibiti ya fito, domin matsar da yaro zuwa bencin gaba ba ya jiran takardar likita. Sanin nau'o'in nakasa yana taimaka masa ne kawai ya san inda zai duba, amma yara biyu masu larura iri ɗaya suna iya buƙatar taimako daban, don haka tambayar da za ta riƙa yi masa jagora ita ce: mene ne a cikin ajina yake tare wa wannan yaro hanya?

Ya kuma kula da harshensa. Kalmomi irin su makaho, kurma da gurgu kalmomin Hausa ne na yau da kullum, masu larurar da kansu suna amfani da su, har da sarautunsu na Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Inda ɓarnar take shi ne a mayar da larurar ta zama sunan yaro, a riƙa cewa "kai gurgu, zo nan", domin abin da malami ya kira yaro da shi ranar Litinin, shi dukan aji za su kira shi da shi har ya bar makarantar. Wanda yake neman abin da zai faɗa wa ɗalibansa a kan wannan, ya tuna musu da dalilin saukar surar Abasa, wadda ta sauka a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabi da ya zo neman ilimi.

Mataki na biyu: sanin nau'o'in da alamominsu

Dokar ilimin masu nakasa ta Amurka ta kasa su kashi 13, amma malaminmu ba ya buƙatar haddace wannan jeri. Ya ishe shi ya riƙe manyan rukunoni, ya san yadda kowanne yake bayyana a cikin aji.

Larurar gani ta haɗa da makanta gaba ɗaya da kuma raunin gani, kuma masu raunin gani sun fi yawa nesa ba kusa ba, su ne kuma suka fi ɓuya. Alamarsu ita ce ƙanƙance ido idan ana duban allo, manna littafi a fuska, karkatar da kai gefe guda, yawan murza ido, da kwafa daga littafin na kusa maimakon daga allo. Na taɓa ganin yarinya 'yar aji uku da ta sha bulala a kan leƙen littafin ƙawarta, sai daga baya aka gano cewa daga bencinta na baya babu abin da take gani a allon sai hazo, kuma ita a zatonta kowa ma haka yake gani. Zabiya yana shiga wannan rukuni, domin kusan kowane zabiya yana da raunin gani, kuma hasken rana yana damun idonsa da fatarsa.

Larurar ji ita ma tana da matakai, daga wanda ba ya jin komai zuwa wanda kunne ɗaya ne kawai ya yi rauni. Yaro yakan riƙa cewa "na'am?" a kowace magana, yana zuba wa bakin malami ido, yana jiran ya ga abin da sauran suka fara yi kafin ya bi, ko yana ba da amsar da ba ta haɗu da tambaya ba. A yankinmu sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya suna cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Yawancin waɗanda muke kira bebaye babu abin da ya sami harshensu ko maƙogwaronsu, rashin ji ne ya hana su koyon magana tun suna ƙanana.

Nakasar gaɓoɓi ita ce aka fi saurin gani: wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, wanda ya rasa hannu a haɗari, da wanda ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni lokacin haihuwa, sanadin doguwar naƙuda ko shawarar jarirai mai tsanani, har gaɓoɓinsa suka sandare ko suke motsi ba da sonsa ba. Wannan na ƙarshe shi aka fi zalunta, domin ganin yawu yana zuba da jin maganarsa tana fita da ƙyar yakan sa a ɗauka ba shi da hankali, alhali da yawa daga cikinsu fahimtarsu garau take.

Sai raunin fahimta, inda yaro yake koyon komai a hankali, ba karatu kaɗai ba har da sa tufafi, ƙidayar kuɗi da riƙe saƙon aike. Wasunsu an haife su ne da larurar da likitoci ke kira Down, wato ƙarin ƙwayar halitta guda a kan waɗanda ake gada daga iyaye, wanda ke ba su kamannin fuska iri ɗaya da aka sani, kuma sau da yawa sukan haɗa da matsalar ji ko ta zuciya. Kada a haɗa wannan rukuni da na masu wahalar koyon abu guda, wato yaron da basirarsa daidai take da ta kowa, yana ba da labari tiryan-tiryan, yana lissafin cinikin gyaɗar mahaifiyarsa babu kuskure, amma karatun layi ɗaya yakan zame masa dutse. Yana musanya b da d, balle ɓ da ɗ, yana tsallake gaɓar kalma, kalmar da ya karanta a layin sama ta ɓace masa a na ƙasa. Irin wannan kuskure a aji ɗaya da biyu ba abin damuwa ba ne, amma idan ya bi yaro har aji uku da huɗu duk da zuwansa makaranta kullum, to akwai abin dubawa. Akwai kuma wanda tasa wahalar a lissafi take, ko a riƙon alƙalami.

Larurar da gidajen rediyo suke kira galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, tana shafar cuɗanya da magana. Yaro yakan keɓe kansa, ya maimaita kalma ko motsi ɗaya, ya toshe kunne idan an buga ƙararrawa, ya birkice idan an sauya masa wurin zama. Littattafan da aka rubuta a Turai suna sa ƙin haɗa ido a cikin manyan alamominta, amma malaminmu ya yi hattara da wannan, domin a tarbiyyar Hausa sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne. Ya duba yadda yaron yake da tsararrakinsa a filin wasa, a can ne za a gane. Kusa da wannan akwai larurar rashin natsuwa, ta yaron da ba ya iya zama minti biyar, yana fara aiki ba ya ƙarasawa, yana tsoma baki kafin a gama tambaya, kuma haka yake a gida da islamiyya, ba a aji ɗaya kawai ba.

Sauran su ne matsalar magana irin ta i'ina, da cututtukan da ke tare da yaro tsawon rayuwa kamar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita, da farfaɗiya da asma, sai kuma firgici da damuwa, musamman ga yaran da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a Borno ko Zamfara, waɗanda bugun ƙofa da ƙarfi kan sa su shige ƙarƙashin benci.

Mataki na uku: lura da rubutawa

Malami ya ware ɗan littafi, ya ba kowane yaron da yake zargi shafi guda, ya yi mako biyu zuwa uku yana rubuta abin da idonsa ya gani tare da kwanan wata. Kada ya rubuta "ba ya mai da hankali", domin wannan hukunci ne. Ya rubuta "na kira sunansa sau uku daga bayansa bai waiwayo ba, da na zagayo gabansa ya amsa nan take". Irin wannan bayani shi ne zai amfani iyaye da likita.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da zai iya yi. Na ido, ya samo takardar gwajin ido mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori daban-daban, wadda ake samu a asibitoci da dama, ya manna ta a bango inda akwai haske, ya tsayar da yaro a nisan mita 6, ya rufe masa ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, yaro ya riƙa nuna inda ƙafafun harafin suka dosa, sannan a sauya ido. Na kunne kuwa, ya tsaya a bayan yaro kamar tsawon hannu, a wuri maras hayaniya, yaro ya toshe kunne ɗaya, malami ya raɗa lambobi ko kalmomin da yaron ya sani, shi kuma ya maimaita. Ya fi kyau a yi wa dukan aji gwajin a matsayin wasa, don kada a nuna yaro ɗaya da yatsa, kuma sau da yawa a nan ake tsintar wanda ba a taɓa zargi ba.

Mataki na huɗu: zama da iyaye

Wannan shi ne matakin da ya fi buƙatar dabara. Kada a tare uba a bakin ƙofar makaranta a gaban jama'a, kuma kada a aika yaro da saƙon baki. A sanar da hedimasta, a gayyaci iyayen, ko a je musu gida idan hakan ya fi musu sauƙi, kuma a tabbata an ji ta bakin uwa, ko da ta hanyar wata malama ce, domin ita ta san tarihin yaron tun daga ciki. Bayan gaisuwa, a fara da abin yabo na gaskiya. Malami yana iya cewa: "Baba, yaron nan naku yana da ƙoƙari, a lissafin baki kaɗan ne suke kamo shi. Sai dai na lura idan ina bayansa ba ya jin kirana, shi ne na ce bari in ji ko a gida ma kun ga haka."

Daga nan sai tambayoyi: ko an sha wuya wajen haihuwarsa, ko ya yi kuka da aka haife shi, ko idonsa ya yi rawaya a makon farko, yaushe ya fara tafiya da magana, ko ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko zazzaɓi mai jijjiga. A tambaya kuma ko yana shan wahala wajen gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa kaya, ko fahimtar da mutane abin da yake so, domin tambayar wahalar da yake sha ta fi samun amsar gaskiya a kan tambayar ko yana da nakasa. Idan iyaye suka ce iska ce ko sammu, malami ba zai ci riba da musu ba. Ya ce a ci gaba da addu'a, a kuma haɗa da asibiti, tunda neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

A fara da babban asibitin da ya fi kusa, su za su tura gaba idan da buƙata. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, dukansu a Kaduna, da asibitin ƙashi na Dala da asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.

Mataki na biyar: gyaran aji

Ƙa'idar a nan ita ce a sauya hanyar da yaro zai bi ya kai ga darasi, ba a rage masa darasin ba, sai fa ga mai raunin fahimta, wanda shi ake daidaita masa abin da zai koya gwargwadon ƙarfinsa. Mafi yawan gyare-gyaren ba su cin ko kwabo.

Mai raunin gani a dawo da shi gaba, a gefen da hasken taga ba ya sa allo ya yi masa ƙyalli, a bar shi ya taso ya matso idan yana so. Allon da ya koɗe ya yi fari-fari a sake masa baƙin fenti, malami ya ƙara girman rubutunsa, ya kuma saba da faɗin duk abin da yake rubutawa da baki. Ya daina cewa "a haɗa wannan da wancan" yana nuni da sanda, ya ce "a haɗa 14 da 9", wanda hakan yake amfanar makaho da na bencin baya gaba ɗaya. Zabiya a bar shi ya sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu ko da sun saɓa wa yunifom, kuma kada a tsayar da shi a rana lokacin taron safe. Makaho a zagaya da shi aji da harabar makaranta tun ranar farko, ya taɓa ƙofa da tagogi da hanyar bayan gida, kuma duk ranar da aka sauya wa benci wuri a gaya masa. A koya masa lissafi da tsakuwa ko ƙwallon dabino, a yi masa taswira da zaren da aka manna da gam a kan kwali. Rubutun makafi da Louis Braille na Faransa ya ƙirƙiro yana tafiya ne a kan ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, kuma da allon hudawa da tsinkensa ana rubuta shi daga dama zuwa hagu, domin ta baya ake huda takardar sannan a juya a karanta. Koyar da shi yana buƙatar wanda ya iya, saboda haka hedimasta ya nemi taimakon makarantar musamman mafi kusa ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kafin nan kuma a bar yaron ya naɗi darasi a waya.

Mai raunin ji a zaunar da shi a layi na ɗaya ko na biyu, kunnensa mai lafiya yana fuskantar malami, nesa da tagar da ke kallon titi. Babban kuskuren da kusan kowane malami yake yi shi ne bayani yana fuskantar allo, wanda ga yaron da ke karanta leɓe daidai yake da kashe rediyo ana tsakiyar labari. A rubuta tukuna, a juyo, sannan a yi magana, kuma kada malami ya tsaya taga tana bayansa har fuskarsa ta yi duhu. Ihu ba ya ƙara komai sai dai ya karkata siffar baki. Idan wani ɗalibi ya yi tambaya daga baya, malami ya maimaita ta kafin ya amsa, idan kuma ruwan sama ya fara dukan kwanon rufi, a koma aikin rubutu. Ga kurman da ba ya ji sam, malami ya sani cewa kurame a ƙasar Hausa suna da yarensu da suka gada, wato maganar hannu, wanda ya bambanta da yaren hannu na makaranta da ya samo asali daga na Amurka ta hannun Andrew Foster, kurman da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Duk wanda yaron ya zo da shi daga gida, da shi za a fara, malami ya koyi alamomi goma ko ashirin daga wurin 'yan'uwansa, ya koya wa dukan aji.

Mai keken guragu ko sanda yana buƙatar aji a ƙasa, da gangara a bakin ƙofa. Magina da yawa sukan yi gangarar a tsaye kamar ta hawa da babur, wadda yaro ba zai iya hawa shi kaɗai ba. Ma'aunin da aka sani shi ne kowane santimita 10 na tudu a ba shi tsawon santimita 120, ƙofa kuma ta kai faɗin kimanin santimita 90. A duba bayan gida da idon basira, domin yaron da sai ya ja jiki da hannu a kan ƙazantar masai zai daina shan ruwa da safe, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. Kujerar katako mai rami da ƙarfen dafawa a bango aikin yini ɗaya ne ga kafinta da mai walda, kuma irin abin da kwamitin kula da makaranta zai iya ɗaukar nauyinsa ne. Wanda hannunsa ke rawa a naɗa wa fensirinsa ƙyalle ko roba ya yi kauri, a manne masa takarda a kan tebur.

Mai wahalar karatu kada a tayar da shi ba zato ya karanta a gaban aji. A gaya masa layin da zai karanta gobe ya je ya yi bita, a koma da shi kan gaɓoɓi, ba, be, bi, bo, bu, yana furtawa yana zanawa da yatsa a kan rairayi, a rage masa yawan kwafa daga allo, a kuma daina cika masa littafi da jan biro a kan kowane harafi. Mai raunin fahimta a gutsuttsura masa aiki, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, da abubuwan da zai taɓa da hannu, a maimaita yau a maimaita gobe, a fifita abin da zai amfane shi a rayuwa, kamar rubuta sunansa, gane takardun kuɗi da karanta agogo. Mai galahanga yana samun natsuwa idan ya san abin da ke tafe, don haka a bar masa wurin zamansa, a zana masa jerin ayyukan yini da hotuna, a sanar da shi kafin a buga ƙararrawar tara, idan kuma ya birkice a kai shi wuri mai shiru maimakon a taru a kansa. Maras natsuwa kuwa a ba shi aikin da zai halatta masa tashi, shi ne mai goge allo da rabon littattafai, a nesanta shi da taga, a ba shi tambaya uku ya kawo a duba kafin a ƙara masa uku. Mai i'ina a jira shi ya gama, kada a ƙarasa masa kalma.

A haɗa kowane ɗayansu da abokan zama biyu ko uku da za a riƙa juyawa, don kada nauyin ya zauna a kan yaro ɗaya har nasa karatun ya samu tangarɗa.

Mataki na shida: shirin ko-ta-kwana

Ranar da mai farfaɗiya ya faɗi a aji, abin da aka saba gani shi ne yara su watse da gudu don tsoron taɓa yawunsa, wani ya rugo da cokali, wani da bokitin ruwa. Duk wannan kuskure ne. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Malami ya duba agogo, ya janye benci da duk abin da zai ji wa yaron ciwo, ya sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, ya sassauta masa wuyan riga, kada ya danne shi, kada ya cusa masa komai a baki. Da jijjigar ta lafa sai a kwantar da shi ta gefe don yawu ya fita, kuma ba a ba shi ruwa ko abinci sai ya dawo hayyacinsa sarai. Idan ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, to sai asibiti ba tare da jira ba. Idan ya yi fitsari a jikinsa a rufa masa asiri da mayafi kafin ya farka. Akwai kuma wata iri da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar an ɗauke wuta, sannan ya ci gaba bai san an yi ba.

Mai sikila a bar shi da gorar ruwansa a aji, ya fita fitsari ba tare da dogon roƙo ba, ya sa rigar sanyi da hunturu, kuma kada a sa shi tsallen kwaɗo ko gudun zagaye fili. Idan ya ce ƙashinsa yana ciwo a yarda da shi, idan zazzaɓi ya kama shi a kira gida nan take. Kwanakin da ya yi a asibiti a tanadar masa abin da aka yi a bayansa.

Mataki na bakwai: jarrabawa da miƙa yaro ga malami na gaba

Kafin kowace jarrabawa malami ya tambayi kansa abin da yake son aunawa. Idan sanin sassan tsiro ne, to yaron da ya faɗe su da baki ya ci, ko da hannunsa ba ya iya rubutawa. Ana iya ƙara lokaci, a buga tambayoyi da manyan haruffa, a karanta wa yaro tambaya, ko a ba shi wanda zai rubuta abin da ya faɗa ba ƙari ba ragi. Hukumomin jarrabawa irin su WAEC da JAMB suna da tanadi ga makafi da sauran masu buƙata ta musamman, amma sai an bayyana larurar tun lokacin rijista, kuma yaron da ya saba da irin wannan tsari tun firamare ba zai ruɗe ba idan ya kai can.

Dukan abin da aka yi a taƙaita shi a takarda guda: sunan yaro, abin da ya iya, abin da ke ba shi wahala, gyaran da aka yi masa, buri biyu ko uku na wannan zango da za a iya aunawa, kamar "zai karanta kalmomi 20 masu gaɓa biyu", da lambar wanda za a kira idan wani abu ya taso. A ƙarshen kowane zango a zauna da iyaye a duba abin da ya yi aiki, a soke wanda bai yi ba. Kwafi ɗaya ya zauna a ofishin hedimasta a inda ba kowa ke buɗewa ba, ɗaya kuma malami ya kai wa malamin aji na gaba da hannunsa a makon farko na sabuwar shekara, ya zauna da shi ko na minti goma ne, ya nuna masa yaron da bencin da ya fi dacewa da shi.